ABIN DA KE KA DA JIRGIN SAMA A BAKIN SAUKA

Ranar Asabar 10 ga watan Disamba 2005, wajen ƙarfe ɗaya da rabi na rana, jirgin saman kamfanin Sosoliso, samfurin DC-9, ya tashi daga Abuja za shi Fatakwal ɗauke da mutum 110, wato fasinja 103 da ma'aikatan jirgi 7. A cikinsu akwai yara 61 'yan makarantar Loyola Jesuit College da ke Gidan Mangoro kusa da Abuja, za su gida hutun Kirsimeti. Akwai kuma Fasto Bimbo Odukoya ta ikilisiyar Fountain of Life da ke Legas, wadda mutane da yawa suka sani ta wurin koyarwarta a talabijin a kan zaman aure. Tafiyar ba ta kai ta awa guda ba. Iyayen yaran sun riga sun hallara a filin jirgin Fatakwal suna jira, ruwan sama na zuba. Da ƙarfe 2 da minti 8 jirgin ya bugi ƙasa a gefen titin sauka, ya tarwatse, wuta ta kama. Mutum 108 suka rasu. Biyu kaɗai suka rayu, ɗaya daga cikinsu ɗaliba ce, Kechi Okwuchi, wadda ta sha ƙuna ƙwarai. Sauran yara 60 ba wanda ya kai gida. Fasto Odukoya an fitar da ita da rai, amma washegari ta cika.

Mako bakwai ke nan daidai bayan jirgin Bellview ya faɗi a ƙauyen Lisa cikin jihar Ogun da mutum 117, saboda haka ƙasa ta riga ta tsorata, bakin kowa kuwa ya buɗe. Waɗansu suka ce tsawa ce ta faɗa wa jirgin. Waɗansu suka ce ai tsohon jirgi ne, ya haura shekara 30, Turawa sun gama cin moriyarsa suka sayar mana. Waɗansu kuma, har da cikin majami'unmu, suka ce akwai sa hannu, wannan ba aikin banza ba ne. Da rahoton masu bincike na Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ya fito a 2006, ba ko ɗaya daga cikin waɗannan da ya ambata a matsayin dalili. Abin da ya faɗa shi ne muke so mu bi tare da masu karatu, gama mun lura abu guda ne yake ta maimaita kansa a yawancin hatsarin da ke aukuwa wajen sauka, a nan ƙasar da kuma waje.

Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Haka tafiyar jirgin sama take. Kamfanin Boeing, wanda ke ƙera jirage, yakan fitar da lissafin hatsari kowace shekara, lissafin nan kuwa ya daɗe yana nuna cewa gangarowar ƙarshe da sauka ba su fi kashi 4 cikin 100 na lokacin tafiya ba, amma kusan rabin hatsarin da ake rasa rai a cikinsa a nan yake faruwa. Dalili a fili yake. A can sama jirgi yana da sarari, yana da gudu, matuƙi yana da lokacin tunani in wani abu ya taso. A bakin sauka kuwa duk ukun sun ƙare. Ƙarfe ne mai nauyin fiye da tan 40, yana gudun kilomita 240 ko fiye a awa, ana so a ajiye shi a kan kwalta mai faɗin mita 45 zuwa 60, a kuma tsayar da shi kafin kwaltar ta ƙare.

Jirgi ba ya faɗowa kan titi kamar shaho. Gangarowa yake yi a hankali, kowace kilomita guda da ya ci gaba sai ya sauko kimanin mita 50, wato wajen ƙafa 700 a minti ɗaya. A manyan filaye akwai na'urar da ke aika saƙon rediyo daga bakin titi zuwa sama, kamar igiya ce da ba a gani, matuƙi ya bi ta da allon da ke gabansa ko da ba ya ganin kome a waje sai gajimare. Amma igiyar nan tana da iyaka. Kowane titi an rubuta masa wani tsayi a takardar da matuƙi ke riƙe da ita, in ya sauko ya kai tsayin nan dole ya ɗaga ido. In ya ga titi ko fitilunsa, ya ci gaba ya sauka. In bai gani ba, ba shawara, ba "bari mu ƙara leƙawa": sai ya ba injuna wuta, ya ɗaga hancin jirgi, ya koma sama. Wannan shi ne fasa sauka, kuma ba abin kunya ba ne a aikin tuƙi. Tun a makaranta ake koya wa kowane matuƙi, ana kuma maimaita masa a na'urar gwaji muddin yana aiki.

A titin da jirgin Sosoliso ya nufa, iyakar ƙafa 307 ce bisa teku, wato kimanin ƙafa 220 bisa ƙasar filin. Matuƙan sun kai nan ba su ga titi ba. Suka ci gaba da gangarowa. Sai da suka wuce iyakar da kimanin ƙafa 100 kana suka ce a fasa. In muka yi lissafi da yadda jirgi ke saukowa, jinkirin nan bai wuce daƙiƙa 10 ba, ɗan lokacin da mutum zai ɗaura igiyar takalmi. Amma injin jirgi ba kamar na mota ba ne da za a taka ya amsa nan take. In yana kwance, yakan ɗauki har daƙiƙa 8 kafin ya ba da cikakken ƙarfinsa, jirgin kuwa a duk lokacin nan nauyinsa na ci gaba da jan sa ƙasa. Iyakar da aka rubuta an ƙididdige ta ne domin ta bar wa injin wannan lokaci. Wanda ya ƙetare ta ya cinye rarar da zai tsira da ita.

Shi ya sa masu binciken suka sa wannan a kan gaba: shawarar da matuƙan suka yanke ta ci gaba da gangarowa bayan sun wuce iyaka alhali ba su ga titi ko filin ba. Sa'an nan suka jera abubuwan da suka taimaka: jinkirin fasa saukar da rashin bin ƙa'idarta daidai sa'ad da aka fara, da mugun yanayi mai juyin iska, da ruwan da ya rufe gani, da fitilun filin da ba a kunna ba, da kuma wata kwalbatin kankare da ke tsaye a fili a gefen titi.

Iskar da ke juyawa

Juyin iska yana bukatar bayani, don shi ne abin da jama'a suka fi rashin sani, shi ne kuma aka riƙa kira tsawa. Jirgi ba ƙarfin inji ne kaɗai ke riƙe shi a sama ba, iskar da ke bi ta kan fikafikansa ce. Shi ya sa matuƙa ke son su tashi su kuma sauka suna fuskantar iska. To, a ƙarƙashin babban hadari wani lokaci iska mai sanyi takan zubo daga gajimare kai tsaye zuwa ƙasa. Ku ɗauki guga cike da ruwa ku juye shi a kan daɓe, za ku ga ruwan ya bugi ƙasa ya watsu ta kowace fuska. Haka iskar nan take yi. Jirgin da ya shigo cikinta, da fari iska ce za ta tare shi ta gaba, gudunsa ya ƙaru, ya ɗan ɗaga sama. Matuƙin da bai gane ba sai ya rage wuta. Kafin ya ankara ya shiga tsakiya inda iskar ke danna shi ƙasa, ya fito ta ɗaya gefen inda take tura shi ta baya, fikafikai su rasa abin da ke riƙe su. Duk wannan a cikin rabin minti, ga inji a kwance, ga ƙasa kusa.

Har tsakiyar shekarun 1970 masana da yawa ba su yarda akwai irin wannan iska ba. Wani malamin Jami'ar Chicago, haifaffen Japan, Tetsuya Fujita, shi ya bayyana ta bayan da ya binciki faɗuwar jirgin Eastern a New York a watan Yuni 1975, inda mutum 113 suka mutu. Aka yi ta gardama da shi. Sai da jirgin Delta ya faɗi wajen sauka a Dallas ranar 2 ga Agusta 1985, aka rasa mutum 137, kana Amurka ta tashi tsaye: aka tilasta sa na'urar gargaɗi a jirage, aka kafa waɗansu a filaye, aka canja horon matuƙa. Koyarwar a taƙaice ita ce kada ka shiga, in kuwa ka sami kanka a ciki ka ba da wuta duka ka manta da sauka. Mu a nan, shekara 20 bayan Dallas, darasin bai zauna ba. Ko shekara ba a yi da Fatakwal ba, ranar 29 ga Oktoba 2006, jirgin ADC da za shi Sakkwato ya tashi daga Abuja cikin hadari, juyin iska ya kama shi, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. Wancan wajen tashi ne, amma masu bincike abu iri ɗaya suka samu: an san yanayi ba kyau, aka ce a tafi.

Sai batun fitilu. Wani zai ce ƙarfe biyu na rana me za a yi da fitila? Duk direban da ya taɓa shiga ruwan watan Agusta a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san amsar. A cikin ruwa mai ƙarfi baƙar kwalta da jiƙaƙƙiyar ƙasa da gajimare duk launinsu ɗaya ne. Jerin fitilu masu haske da ake kafawa tun kafin bakin titi su ne abin da idon matuƙi ke fara kamawa. A ran nan a kashe suke. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa da an kunna su da matuƙan sun ga titi a kan lokaci, rahoton ma cewa ya yi mai yiwuwa ne rashinsu ya hana gani. Amma mutum biyu suna zaune a gaban jirgi suna neman abin da aka horar da su su nema, abin kuwa ba ya nan.

Kwalbatin ita ce ta fi ba mu takaici. Jirgin ya taɓa ƙasa a kan ciyawa, kimanin mita 70 hagu da titi. Ƙa'idar filayen jirage ta duniya ta ce gefen titi ya zama shimfiɗaɗɗe, ba rami ba tudu, duk abin da ya zama dole a kafa a wurin kuma a yi shi da abin da zai karye in an buge shi. An yi wannan ƙa'ida ne don an san wata rana wani jirgi zai kauce. A Fatakwal kankaren magudanar ruwa ne a tsaye, jirgin ya buge shi, ya rabu gida-gida, tarkacensa ya watsu fiye da kilomita guda, mai ya kama wuta. A filin nan ne kuma, wata biyar kafin haka, a Yuli 2005, jirgin Air France da ya taso daga Faris ya sauka ya tarar da garken shanu a kan titi ya buge waɗansu, Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni. Kada kuma a ce wannan sakacin namu ne kaɗai. Ranar 29 ga Disamba 2024 jirgin Jeju Air ya sauka a kan cikinsa ba tayoyi a filin Muan na Koriya ta Kudu bayan ya yi karo da tsuntsaye, ya zarce ƙarshen titi ya daki wani tudun kankare da aka ɗora na'ura a kai. Daga cikin mutum 181, biyu suka rayu.

A wurin jana'iza mukan ta'azantar da juna da cewa nufin Allah ne, a bakin kabari kuwa ba mu da wata magana da ta fi wannan. Sai dai ba amsa ba ce ga wanda ya tambaya don me fitila take a kashe. A Shari'ar Musa, cikin Maimaitawar Shari'a sura 22, an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa rawani, domin in wani ya faɗo kada alhakin jini ya hau kan gidan. Ba a ce wanda ya faɗo kwanansa ne ya ƙare ba. Maginin aka tambaya.

Don me ba su fasa ba?

Tambayar da ta rage ita ce wadda ta fi wuya. Matuƙan nan ba mahaukata ba ne, su ma rayukansu na ciki, sun kuwa rasu tare da fasinjansu. Me ke sa mutumin da ya san ƙa'ida sarai ya ƙetare ta?

Mu duba abin da ya faru kusa da gida. Ranar 13 ga Nuwamba 1995 jirgin Nigeria Airways, Boeing 737, ya taso daga Yola ya biya Jos, za shi Kaduna kana ya wuce Legas, hanyar da da yawa cikin masu karanta wannan shafi suka sha bi a zamanin. Mutum 138 ne a ciki. A Kaduna gangarowar ba ta daidaita ba, iska kuma tana bayansa. Jirgin da iska ke turawa ta baya yakan yi ta shawagi bisa kwalta ya ƙi zama. Kafin tayoyinsa su taɓa ƙasa ya riga ya cinye kusan kashi huɗu cikin biyar na titin. Abin da ya saura bai isa a tsayar da jirgi ba. Ya kauce daga titi, wuta ta tashi ta cinye shi, fasinja 11 suka mutu. A nan ba ruwan sama, ba tsawa, injuna lafiya lau. Tun daga nesa har zuwa lokacin da rabin titin ya wuce a ƙarƙashinsu, ƙofar fasawa a buɗe take.

Wata ƙungiya mai nazarin lafiyar sufurin sama, Flight Safety Foundation, ta fitar da bincike a 2017 wanda ya ba masu aikin kansu mamaki. Kamfanoni suna da doka cewa in jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa bai daidaita ba, ko gudu ya yi yawa, ko yana sama da inda ya kamata, ko ya karkace, to a fasa. Binciken ya nuna cewa a cikin irin wannan gangarowa kimanin kashi 3 cikin 100 ne kawai ake fasawa. Sauran duk ana daurewa a sauka. Kuma kusan kullum ana sauka lafiya. A ganinmu nan tarkon yake. Matuƙin da ya ƙetare iyaka sau goma ya ga titi ya bayyana a gabansa, zuciyarsa ta riga ta koyi cewa titi yakan bayyana. Direban da ya saba wuce mota a kan kwana bai taɓa gamuwa da tirela ba, shi ma haka yake ji.

Ga kuma matsi ta kowane gefe. Fasa sauka mai ne ake ƙonawa, karkata zuwa wani gari kuwa asara ce babba ga kamfanin da ke da jirage uku ko huɗu, kowanne da zangon da ke jiran sa. Akwai gajiya. Akwai abin nan da ke kama kowane matafiyi in ya hango gida, wato ƙin juyawa. Mu fasinja ma ba mu da gaskiya a wannan wuri. Wanda ya taɓa zama a ɗakin jira ran da aka ce an ɗage tashi saboda yanayi ya san irin zagin da ma'aikata ke sha, da yadda wani babban mutum zai tashi yana tambaya ko an san ko shi wane ne. Duk wannan hayaniya tana isa kunnen matuƙi, ko ba a faɗa masa baki da baki ba.

Akwai kuma abin da ya shafi tarbiyyarmu kai tsaye. A gaban jirgi mutum biyu ne, babba da ƙarami. An sa na biyun ne domin in na farko ya kauce ya faɗa masa. To, yaron da aka rene shi a kan cewa ba a mayar wa babba magana, ga shi kuma ci gabansa a aiki yana hannun wannan babban, yaya zai buɗe baki ya ce "Kyaftin, mu fasa"? Turawa ma sun sha wannan. A watan Disamba 1978 wani jirgin United ya yi ta kewaya birnin Portland a Amurka kusan awa guda, kyaftin ya duƙufa a kan matsalar tayar sauka, mataimakansa suna ganin mai na ƙarewa suna faɗa a kaikaice, ba wanda ya fito fili ya girgiza shi. Man ya ƙare, jirgin ya faɗi cikin unguwa, mutum 10 suka mutu. Daga wannan ne aka soma wani sabon horo, wanda yanzu ya zama dole a duniya, mai koya wa ƙarami yadda zai yi magana a fili da kuma babba yadda zai saurara. A kamfanoni masu tsari, ko wane ne cikin biyun ya ce a fasa, an fasa ke nan, bayani sai an koma sama. Girmama na gaba abu ne mai kyau, ba mu ce a bari ba. Amma kunyar da za ta sa mutum ya yi shiru yana kallon ƙasa na tasowa ba ladabi ba ce.

Game da tsufan jirgi, wanda shi ne kowa ya fi kamawa, sai mu yi adalci. Cikin dalilan da rahoton Fatakwal ya lissafa babu lalacewar inji, babu tsufa. Jirgi ba ya mutuwa don shekaru, sai don rashin kulawa, ko da yake tsohon jirgi ya fi cin kuɗin gyara, kamfani mai ƙaramin ƙarfi kuwa a nan yake fara tsuke hannu. Inji yakan ci amana, ba mu musa ba. Ranar Lahadi 3 ga Yuni 2012 jirgin Dana daga Abuja ya rasa injunansa biyu ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, ana saura kaɗan ya kai filin Legas. Duk mutum 153 da ke ciki suka rasu, da waɗansu 6 a ƙasa. Amma ko a nan, rahoton da ya fito a 2017 ya nuna injin farko ya soma ba da matsala tun kimanin minti 17 da tashi. Matuƙan ba su nemi fili mafi kusa sun sauka ba, suka ce a lallaɓa a kai Legas.

Mu a Arewa abokin gabarmu na musamman hazo ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke tasowa daga hamada takan rufe Kano da Maiduguri da Yola da Kaduna har mutum ya kasa ganin abin da ke gabansa da 'yan ɗaruruwan mita. Mugun halin hazo shi ne daga sama matuƙi yana iya ganin ƙasa in ya dubi ƙarƙashinsa, amma da ya gangaro ya dubi gaba sai kome ya ɓace. A irin wannan lokaci ne, ranar 22 ga Janairu 1973, jirgin Boeing 707 na ƙasar Jodan, wanda Nigeria Airways ta yi haya don kwaso alhazai daga Jidda, aka karkatar da shi zuwa Kano saboda yanayin Legas ba kyau. Wajen sauka ƙafafunsa suka karye, ya juya ya bar titi, wuta ta kama. Daga cikin mutum 202, 176 suka rasu, a lokacin kuwa ba a taɓa yin hatsarin jirgin sama da ya ci rai haka ba a duniya. An yi ta ja-in-ja a kan dalili, waɗansu suka ɗora wa matuƙi, waɗansu suka ɗora wa titin. Dattawan Kano, Musulmi da Kirista, har yanzu suna tuna ranar.

Bayan hatsarin 2005 da 2006 an yi gyara, ba za mu hana gwamnati wannan ba. Shugaba Obasanjo ya dakatar da Sosoliso da Chanchangi nan da nan. Aka yi sabuwar dokar sufurin sama a 2006 wadda ta ƙara wa hukumar NCAA 'yancin aiki. Aka rufe filin Fatakwal a Agusta 2006 don gyara, ba a buɗe ba sai Disamba 2007. Aka ƙara yawan jarin da kamfani zai mallaka kafin ya yi jigila, Sosoliso na cikin waɗanda suka kasa, ya rufe a 2007. An kafa na'urorin hango jirage da na gargaɗin juyin iska a manyan filaye. Hukumar binciken hatsari, wadda tun 2022 ake kira NSIB, takan buga rahotanninta kowa ya karanta. Su kuma limaman Jesuit sun buɗe wata makaranta a Fatakwal a 2013, Jesuit Memorial College, domin tunawa da yaran nan 60. Sai dai na'ura aba ce mai son kulawa da wutar lantarki kullum, ba ranar bikin buɗewa kaɗai ba.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ga yadda fasa sauka yake daga kujerar fasinja. An riga an ce a ɗaura ɗamara, an ji tayoyi sun fito, ana hango rufin gidaje. Farat ɗaya injuna su yi ruri, jiki ya manne da kujera, hancin jirgi ya ɗaga, a ji tayoyi sun koma. Ba wanda zai yi muku magana na ɗan lokaci, gama hannuwan matuƙan duka a cike suke, sai sun kai sama sun daidaita kana kyaftin ya yi bayani. Yawanci minti 10 zuwa 15 ake ƙarawa a kewayo a sake gwadawa. In har yanzu titin bai bayyana ba, sai a nufi wani gari, mai zuwa Jos ya sami kansa a Abuja, mai zuwa Kaduna ya kwana a Kano. Batun mai kuwa, doka ba ta barin jirgin fasinja ya tashi sai yana ɗauke da wanda zai kai shi inda za shi, da wanda zai kai shi wani filin dabam da aka zaɓa tun kafin tashi, da ƙarin na minti 30 a bisa wannan.